Gawayin Gona: Yadda Zaka Haɗa Shi, Ƙasar da Yake Yi Wa Amfani da Wadda Yake Cutarwa

Duk mai bibiyar harkar noma kwanan nan ya ci karo da maganar gawayin gona, wanda masana suke ce wa bayoca. Wasu yabonsa suke yi ba ji ba gani, suna cewa shine zai farfaɗo da duk ƙasar da ta mutu, wasu kuma sun zuba a gona shuka ta tsumbure ganye ya koma rawaya sai suka ce ai yaudara ce kawai. Toh dukkansu abin da idonsu ya gani suke faɗa. Bambancin yana wajen irin ƙasar da aka zuba shi a ciki da kuma yadda aka shirya shi kafin a zuba, kuma abin da ya sa nake so a yi maganar nan a tsanake shine gawayi ba kamar sauran abubuwan da muke sa wa ƙasa bane, taki idan ka yi kuskure damina ɗaya biyu ya wuce, amma gawayi idan ya shiga ƙasa ya shiga kenan, babu yadda zaka yi ka tsince shi ka fitar.

Fara riƙe wannan: gawayi ba taki bane. Abincin shuka da ke cikinsa kaɗan ne, musamman wanda aka yi da itace, dan yawancin naitirojin ɗin da ke jikin itacen yana tashi ne ya bi iska lokacin ƙuna, abin da ke saura sai ɗan fotashiyam da kalsiyam da fosfaras na cikin toka. Aikinsa na gaske riƙewa ne. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka da ido baya gani, kamar soso, idan ruwa da taki suka shiga sai su maƙale a ciki maimakon ruwan sama ya wanke su ya nutsar da su ƙasa inda saiwa bata kaiwa, sannan ƙananan halittun ƙasa masu ruɓar da ganye su mayar da shi abincin shuka suna samun wurin zama a ramukan. Ana samun sa ne idan aka gasa kara ko itace ko ɓawo da zafi mai yawa, kamar digiri 350 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyos, a wurin da iska bata isa sosai ba, sai ruwa da iskar gas ɗin cikinsa su fita, kabon ya saura a irin surar da bata ruɓewa da wuri. Ganye ko kashin dabba a ƙasa mai zafi cikin shekara ɗaya biyu ya narke ya ƙare, shi kuwa gawayin da aka yi shi da kyau yana iya kai ɗaruruwan shekaru.

Asalin abin da ya jawo hankalin masana wata baƙar ƙasa ce da ke yankin Amazon a Birazil, ana ce mata terra preta. Ƙasar dajin nan galibi ja ce ko rawaya mai tsami wadda bata riƙe taki, amma a wuraren da mutane suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa sai ka tarar da ƙasa baƙa wulik, wani wurin zurfinta ya kusa mita biyu, har yau tana bada amfani. Wani masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, ya yi rubutu a kanta a 1966, daga baya bincike ya yi yawa har aka kafa ƙungiyar masana gawayin gona ta duniya a 2006. Amma akwai abin da masu talla basa so su tsaya a kai, baƙar ƙasar nan ba gawayi ne zalla a cikinta ba, akwai ƙasusuwa, fasassun tukwane, ragowar abinci, toka, kashi, duk an tara su a hankali tsawon zamani mai tsawo. Wato tun asali gawayin tare da shara mai taki ya shiga ƙasa.

Sannan ga abin da alƙaluma suka nuna. A 2011 Simon Jeffery da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka ga a matsakaici amfanin gona ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari, amma a wasu gwaje-gwajen ƙarin ya kai kashi 39, a wasu kuma raguwa aka samu har kashi 28. Da suka sake dubawa a 2017 sai suka ga ƙarin yana yankuna masu zafi ne, kusan kashi 25, inda ƙasa take da tsami kuma ta gaji, a yankuna masu sanyi da ƙasarsu dama mai kyau ce kusan babu wani ƙari. Kaga kenan tambayar farko ba yaya ake yinsa bace, tambayar ita ce ko ƙasarka tana buƙatarsa.

Mataki na farko, san ƙasarka

Abu biyu zaka duba, tsaminta da kuma yanayin jikinta. Tsami ana auna shi da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, 7 shine tsakiya, ƙasa da haka tsami ne, sama da haka kuma ɓangaren kanwa ne. Akwai 'yar takardar gwaji mai canza launi, ka ɗebo ƙasa daga wurare daban-daban na gonar daga zurfin kamar taƙi ɗaya, ka cakuɗa, ka dama kashi ɗaya na ƙasa da kashi biyu na ruwan sama mai tsafta, ka bari ya kwanta sannan ka tsoma takardar. In akwai ɗakin gwajin ƙasa da zaka iya kaiwa toh ya fi. Yawancin gawayi yana ɓangaren kanwa ne, pH ɗinsa 8 zuwa 10, dan haka idan ƙasarka tana ƙasa da 6 zai rage mata tsami, fosfaras ɗin da ya ɗaure zai saku, gubar alminiyam da ke hana saiwa tafiya zata ragu, nan ne ake ganin canji ƙarara. Idan kuwa ƙasarka ta haura 7 da rabi, ɗan uwa ka yi a hankali, ƙara mata gawayi mai toka da yawa zai sa shuka ta kasa jan sinadarin ƙarfe da zinki, sai kaga sabon ganye yana fitowa fari-fari jijiyoyinsa kore. Gwaji mai sauƙi, ka ɗiga binega a kan busasshiyar ƙasar, in ta yi kumfa toh akwai farar ƙasa a cikinta, gawayi ba shine abin da take nema ba.

Yanayin jiki kuma, ka jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu. In ta wargaje ta ƙi dunƙulewa rairayi ce, kuma ita ce ta fi cin moriyar gawayi saboda ita ce ruwa da taki suke zurarewa a cikinta. In ta dunƙule tana danƙo har zaka iya mulmula ta ta yi tsawo laka ce, ita dama tana riƙe ruwa da taki da kanta, abin da gawayi zai yi mata bai wuce ɗan sassauta ta ba yadda iska zata shiga. Ƙasa baƙa mai taushi da ake zuba mata takin dabbobi duk shekara kuwa, gaskiya ni bana ganin dalilin wahalar da kai a kanta.

Me zaka ƙona

Abin da dama asara zai yi ko za a banka masa wuta a fili, shi zaka nema: totuwar masara, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, ɓawon kwakwa, rassan da aka sassabe, karan da dabbobi basa ci, ciyawa mai itace da ta addabi gona. Kar a sare bishiya mai rai saboda wannan, inuwarta da ganyen da take zubarwa da saiwarta da ke riƙe ƙasa sun fi gawayin da zata bayar amfani nesa ba kusa ba. Kuma kar ka kwashe duk karan gona ka ƙone, ƙasa tana buƙatar abin da zai rufe ta ya ruɓe a kanta, shine abincin ƙananan halittun nan, gawayi wurin zama kawai yake basu.

Abin da ba a taɓawa ko kusa: katako mai fenti, katakon da aka yi wa feshin maganin gara, filawud da duk wanda aka haɗa da gam, leda, roba, tsumma, sharar da baka san me ke cikinta ba. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wasu magungunan katako akwai asenik da kuromiyam a ciki, wuta bata kashe su, tattara su ma take yi a cikin gawayin, daga nan sai ƙasa, daga ƙasa sai abin da za a ci. Kashin kaji da na shanu ana iya ƙona su amma gawayinsu toka da gishiri sun yi masa yawa, kuma asara ce dan naitirojin ɗinsu zai tashi, gara ka ajiye su zuwa matakin da ke gaba. Duk abin da zaka ƙona ya bushe ƙayau, ɗanyen itace hayaƙi kawai zai baka, kuma kaurinsa kar ya wuce na wuyan hannu.

Ƙonawar

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ta rami mai faɗin baki da tsukakken gindi. Irin wannan tsari ne Hans-Peter Schmidt da Paul Taylor suka fito da shi a 2014 a Suwizalan suka sa masa suna Kon-Tiki, nasu na ƙarfe ne amma ramin ƙasa ma yana yi. Ka haƙa rami faɗin bakinsa kamar mita ɗaya da rabi, zurfi ya ɗan gaza mita ɗaya, bangonsa a karkace yana tsukewa zuwa ƙasa, nesa da ɗaki da rumfa da busasshiyar ciyawa, ranar da babu iska mai ƙarfi, kuma ruwan kashe wuta yana gefenka tun kafin ka ƙyasta ashana.

Ka jera ƙananan busassun itace a gindin ramin ka kunna daga sama, ka bari su ci su zama garwashi. Daga nan sai ka shimfiɗa kaya a kan garwashin, shimfiɗa ɗaya mara kauri wadda ta rufe ko'ina. Zata kama, harshen wuta zai tashi ya rufe bakin ramin, kuma wannan harshen wutar shine sirrin aikin gaba ɗaya, shi yake cinye iskar da zata sauka ƙasa, dan haka abin da ke ƙarƙashi yana gasuwa ne kawai baya zama toka, sannan shi yake ƙone hayaƙin da ke fitowa. Idonka yana kan saman, da zarar kaga farar toka ta fara bayyana a jikin itacen sai ka ƙara wata shimfiɗar. In ka yi jinkiri kaya zasu zama toka, in ka yi gaggawa ko ka labta da yawa wutar zata shaƙe kaga hayaƙi mai kauri fari ko rawaya-rawaya, toh in ka ga haka ka dakata har harshen wuta ya dawo. Masu kauri a sa su a tsakiyar aiki lokacin da zafi ya kai, na ƙarshe kuma su zama sirara dan su gasu da wuri. Haka zaka yi ta yi har ramin ya cika, yana ɗaukan awoyi kuma ba aikin da ake tafiya a bari bane.

Idan shimfiɗar ƙarshe ta yi garwashi harshen wuta ya faɗi, sai kashewa. Ka kwara ruwa da yawa kana tsaye a gefen da iska ke fitowa saboda tururin yana ƙona fata, ka juya da shebur ka sake kwarawa har ya zama babu wurin da ke da ɗumi. Mutane suna raina wannan, gawayin da kake ganin ya mutu yana iya riƙe wuta a cikinsa ya tashi cikin dare, ka wayi gari ka tarar da toka, ko ma ya kama abin da ke kusa. In ruwa yana wahala ka rufe shi da ƙasa mai kauri ka daddanne yadda iska ba zata shiga ba, ka bar shi kwana biyu ko fiye, kuma kar ka zuba a buhu sai ka tabbatar ya huce har ciki.

Ƙananan kaya irin su totuwa da ɓawo sun fi daɗin yi a duro. Ka huda ƙananan ramuka a gindinsa, ka ɗora shi a kan duwatsu, ka cika, ka kunna daga sama, ka ɗora murfi mai bututun hayaƙi da ɗan tazarar da iska zata shiga ta sama. Wutar zata riƙa sauka a hankali, zaka gane inda ta kai ta launin jikin duron, tana kaiwa gindi ka kashe. Ɓuntun shinkafa shi kuma bututu mai huji-huji ake tsayarwa a kan 'yar wuta a tara ɓuntun kewaye da shi, in baƙi ya fito ta waje a juya a watsa ruwa. Ko wacce hanya ka bi, a fili ake yi, ba a cikin ɗaki ko shago ba, iskar kabon monoksayid bata da wari bata da launi kuma kisa take yi.

Kar ka sa ran da yawa. Busasshen kaya kilo 100 zai baka kamar kilo 20 zuwa 25 na gawayi, wani lokacin ma bai kai ba.

Gawayi mai kyau baƙi ne har cikinsa idan ka karya, ba nauyi, yana karyewa da sauƙi da 'yar ƙara, ba ya warin hayaƙi ko kwalta, kuma baƙin da ya shafa maka a hannu ruwa kawai zai wanke shi ba sai da sabulu ba. In ka ga cikinsa ruwan kasa ne ko yana maiƙo toh bai gasu ba, akwai ragowar kwalta da ke hana iri tsiro, ka ware shi ka mayar wuta a zagaye na gaba. Gawayin girki na itace zalla ana iya amfani da shi in ya ci wannan gwajin, amma wanda aka dunƙula da gam ko aka jiƙa da man kunna wuta a bar shi.

Daka shi, sannan ka ƙosar da shi

Manyan gutsattsari basa cakuɗuwa da ƙasa. Ka daka shi ya koma kamar girman ƙwayar masara zuwa ƙasa da haka, kuma yana da danshi zaka daka, ko ka zuba a buhu ka tattake. Ƙurar gawayi tana cutar da huhu, ta ɓuntun shinkafa ma ta fi saboda sinadarin silika da ke cikinta, dan haka ka sa takunkumi. Ba sai ya zama gari lilis ba, gari iska ce zata kwashe maka shi.

Yanzu ga inda yawancin waɗanda suka yi kuka suka faɗi. Sabon gawayi fanko ne, idan ka zuba shi haka nan a gona abin da zai fara yi shine zuƙe ɗan naitirojin ɗin da ƙasar take da shi, sannan ƙananan halittu zasu taso su ci ɗan kabon mai laushi da ya rage a jikinsa su ma suna jan naitirojin, shuka tana tsaye tana jin yunwa, shine rawayar ganyen nan da tsumburewa a shekarar farko. Maganin shine ka cika shi da taki kafin ya ga gona.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta tarin taki. Lokacin da kake tara ganye da kashin dabbobi dan su ruɓe, ka riƙa barbaɗa gawayi tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, kamar bokiti ɗaya na gawayi a kan bokiti tara na sauran kayan, su ruɓe tare har takin ya nuna. Zaka lura wari ya ragu, warin nan kuwa naitirojin ne yake gudu a matsayin amoniya, gawayin ya kama wani kaso daga ciki. In kana da dabbobi ka shimfiɗa shi a ƙasan garke ko ɗakin kaji ƙarƙashin ciyawa, ya sha fitsari da kashi, wurin zai rage danshi da wari, ranar kwashe taki ka kwashe su tare. Fitsarin dabba da dama ƙasa ce take shanye shi a banza ya dawo gona kenan. In kuma sauri kake yi, ka haɗa gawayi da takin da ya riga ya nuna, bokiti da bokiti, ka jiƙa yadda in ka matsa a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai tsiyaya ba, ka rufe da buhuna a inuwa, kana juyawa lokaci-lokaci, sati biyu zuwa huɗu. Mai takin zamani ma zai iya narka shi a ruwa ya jiƙa gawayin, sai dai yuriya in ta haɗu da gawayi mai toka da yawa aka bar su a buɗe amoniya tana tashi, dan haka a fara ɗauraye gawayin, a rufe, kuma a binne shi da wuri.

Kafin ka kai gona ka yi gwajin tsiro. Kwano biyu, ɗaya ƙasar gonarka zalla, ɗaya ƙasar da aka haɗa da gawayin, ka shuka ƙwaya ashirin-ashirin na iri mai saurin fitowa, ka basu ruwa daidai. In na gawayin ya gaza fitowa ko ya fito a wahale, akwai gishiri ko kwalta, ka ɗauraye shi ka ƙara masa lokaci a cikin taki.

Nawa za a zuba, kuma a ina

A gwaje-gwajen masana zaka ji ana maganar tan 5, tan 10, tan 20 a hekta ɗaya. Mu yi lissafi, tan 10 a hekta daidai yake da kilo ɗaya a kowane murabba'in mita, kuma dan ka samu tan 10 na gawayi sai ka ƙona tan 40 zuwa 50 na busasshen kaya. Wane ƙaramin manomi ne yake da wannan? Shi ya sa watsa shi a duk faɗin gona ba dabara bace ga yawancin mutane. Ka sa shi inda saiwa take, cikin ramin shuka ko cikin kunya ko gadon reno ko ramin dashen bishiya, danƙi ɗaya ko biyu na haɗin gawayi da taki a kowane rami a gauraya da ƙasa, ta haka tan ɗaya zuwa biyu zai iya isar hekta, shekara mai zuwa ka ƙara, tunda baya ƙarewa a hankali zai taru. A tukunyar shuka ko ledar reno kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na yawan ƙasar ya isa. Kuma a binne shi cikin taƙi ɗaya na saman ƙasa, in ka bar shi a sama iska zata ɗauke ko ruwa ya tafi da shi dan yana yawo a kan ruwa, kuma baƙinsa yana jan zafin rana ya dafa ƙananan tsiro.

Shekarar farko kar ka wuce gwaji, gani ya kori ji. Ka ware kunyoyi kashi uku a wuri ɗaya: na farko yadda ka saba, na biyu taki kaɗai, na uku taki daidai da na biyu amma da gawayi a ciki. Kashi na biyun nan shine mafi muhimmanci kuma shi aka fi mantawa, dan in ka kwatanta gawayi mai taki da ƙasar da ba a sa mata komai ba dole ya yi nasara, amma ba zaka san ko takin ne ya yi aikin ba. In da hali ka maimaita a wurare biyu uku na gonar. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Ka lura da wanda ya fi jure tsayawar ruwan sama, da girbi kuma ka auna ka rubuta, kar ka dogara da ido. Ka bi wurin har damina ta biyu da ta uku, saboda gawayi yana ƙara iya riƙe taki ne yayin da yake tsufa a cikin ƙasa, amfanin tokarsa kuma na rage tsami yana raguwa da shekaru, dan haka abin da ka gani a shekarar farko ba lallai shine zai ɗore ba.

Akwai wasu illolin da ba a cika faɗa ba. Yadda yake kama taki haka yake kama maganin ciyawa, musamman irin wanda ake fesa wa ƙasa kafin ciyawa ta fito, sai kaga maganin ya rage ƙarfi kuma ya daɗe a ƙasar bai narke ba. Idan aka labta shi da yawa, musamman mai gishiri, tsutsar ƙasar nan da ake ce wa tana takan gudu daga wurin, ita kuwa tana ma'aikaciya ce a gona. Sabon gawayin da aka yi da zafi kaɗan wani lokacin ƙin jiƙuwa yake yi, ruwa ya riƙa zamewa a kansa, wannan ma zaman da zai yi a cikin taki yana gyara shi. Sannan shukokin da dama tsami suke so, kamar ganyen shayi da abarba, rage musu tsami cutarwa ce.

Maganar sauyin yanayi kuma gaskiya ce, shuka ta jawo kabon daga iska, in ta ruɓe ko aka ƙone ta ƙurmus zai koma, in aka mayar da ita gawayi wani kaso mai yawa zai zauna a ƙasa, har kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa shi cikin ƙa'idojin lissafin kabon a 2019. Amma wannan sai in an yi ƙunar da tsafta, tulin da aka rufe da ƙasa yana ta tuƙa hayaƙi kwana da kwanaki yana fitar da iskar metan da ke cinye wani ɓangare na ribar, banda cutar da maƙwabta. In wani ya zo maka da maganar za a biya ka kuɗin kabon, wato kuɗi saboda kabon ɗin da gawayinka ya ajiye a ƙasa, ka karanta yarjejeniyar da kyau ka san wa zai auna, wa zai biya, yaushe, kafin ka sa hannu. In kuma sayen gawayin zaka yi, ka tambayi da me aka yi shi, a wane zafi, nawa ne pH ɗinsa da yawan tokarsa, kuma an haɗa shi da taki ko fanko ne, mai sayarwar da ya kasa amsa waɗannan ka bar masa kayansa.

Wanda ya riga ya zuba sabo fanko kuma shuka ta fara rawaya daga tsofaffin ganyen ƙasa, yunwar naitirojin ce, ya bata takin da ke aiki da wuri, ruwan kashin dabba da aka tsima ko ɗan takin zamani a gefen shuka, galibi zuwa damina ta gaba abin yana daidaita. In kuwa sababbin ganyen sama ne suke fari toh kanwa ce ta yi yawa, ya daina ƙara gawayi da toka a wurin, ya yawaita ruɓaɓɓen taki, ya yi huɗa mai zurfi dan gawayin ya gauraya da ƙasa mai yawa, in zai sa takin zamani ya zaɓi amoniyam salfet dan shi yana ƙara tsami, garin farar wuta ma yana saukar da pH amma a hankali yake aiki cikin watanni, sai a riƙa sa kaɗan ana aunawa.